Turken Farfesa

Litinin, da hantsi

Dutsen shiru. Hayaƙin nan dai siriri, kamar na wanda ya kunna taba ya manta da ita. Na tsaya a tagar ofis ina kallonsa har shayina ya huce.

An kwana biyu da kwashe mutanen ƙauyen da ke jikinsa, an zuba su a makarantar sakandare ta cikin gari. Mu muka sa aka kwashe su, don gudun kada dutsen ya yi aman wuta. Ina rubuta "mu" ne don in saba, domin ranar da Farfesa ya yi wa 'yan jarida bayani, "na gano" ya yi ta cewa, hotunan kuwa ni na haɗa su.

Dokar cibiyarmu ta sa ido kan dutsen ita ce ba a ɗaga gargaɗi ko a sauke shi sai biyu cikin manya uku sun sa hannu. Ƙarshen wata za mu zauna: su koma gida ko su ci gaba da kwana a aji. Farfesa ya ce ba inda za su. Mai Kunne, wadda ke sauraron girgizar ƙasa da na'urorinta, ta ce ƙasa ta yi tsit, ba ta ga dalilin tsare mutane ba. Saura ni. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye ni ko na kwana lafiya, yanzu kowa sai ya tsaya ya gaishe ni a matakala.

Ban kira gida ba.

Talata, bayan azahar

Mai Kunne ta leƙo ofis da rabin lemo a hannu.

"Malam Tsami, ka yanke shawara?"

Na ce sai sabon hoto ya sauko.

"Kullum sai hoto ya sauko. Ko aure aka ce ka yi, sai ka jira tauraro ya wuce."

Na ce ai ya wuce, shi ya sa ban yi ba. Ta yi dariya, ta ajiye min ɓawon lemon a kan tebur ta fita. Ita kaɗai ce a ginin nan ke zagina a gabana, don haka ita kaɗai na yarda da ita.

Aikin nawa ba wani sihiri ba ne, ko da yake Farfesa yana son a ɗauka haka. Tauraron ɗan'adam yana wucewa ta kanmu duk bayan 'yan kwanaki, ya auna nisansa da ƙasa. In ɗora awon yau a kan na baya. Inda ƙasa ta kumbura sai launuka su fito zobe-zobe a allo. Kumburi yana nufin narkakken dutse na turowa daga ciki. Hotunanmu sun nuna duk yankin nan na tasowa, dutsen da filin da ke ƙarƙashinsa. Da wannan Farfesa ya yi suna a duniya. Sunana shi ne na uku a takardar binciken, bayan na ɗalibinsa, wanda aka ba kujerar dindindin bara. Ni har yau kwantiragin shekara-shekara.

Gaskiya ɗaya dai: shi ya koya min karanta zoben nan. Kuma lokacin da takardar zamana a ƙasar nan ta ƙare, shi ya je da ƙafarsa ya tsaya a layi. Na rubuta don kada in manta, domin ina son mantawa.

Laraba, da safe

Dutsen shiru. Ni ne ban shiru ba. Na gyara tebur, na sake gyara shi yadda yake da.

Alhamis, da la'asar

An tura ni makarantar in yi wa mutane bayani, saboda Farfesa "yana da taro". Aji cike da katifu, igiyar shanya daga allo zuwa taga, warin kananzir da jiƙaƙƙun kaya. A jikin allo har yanzu akwai lissafin da wani malami bai goge ba.

Ina cikin magana wata tsohuwa ta katse ni. Iya Mai Dankali suke ce mata. Gajeriya ce, muryarta ta fi ta girma.

"Kai ne mai hoton?"

Na ce ni ne, Iya.

"Ka taɓa hawa dutsen?"

Na ce na hau, ba sau ɗaya ba.

"Ya cije ka?"

Aji ya kwashe da dariya. Ta ce tun tana goye dutsen nan ke hayaƙi, ta yi aure yana hayaƙi, ta binne miji yana hayaƙi. Dankalinta ya isa tono, in ruwa ya ƙara dukansa sau biyu sai dai a tono ruɓa. Na ce rai ya fi dankali. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, da me kake tsammani ake riƙe ran?"

Ba daidai take ba. Hayaƙin jiya ba ya ba da shaida a kan gobe. Amma ban iya faɗa mata da daɗi ba, sai na faɗa mata da santimita, ta kuwa juya min baya.

Juma'a, da hantsi

Kafin in fara aiki na buɗe ɗayan hoton, kamar kullum. Na garinmu. Ba aikin cibiya ba ne, ba wanda ya sani. Daga sama ina gane rufin gidanmu, da bishiyar tsakar gida, da kwarin da ruwa ya haƙa a bayan unguwa. Da ina yaro tsallake shi muke yi. Yanzu mota za ta shige ciki a rasa ta.

Kwarin ya ƙara matsowa. Ɗakin Inna ne a jikin katangar baya.

Na rufe. Ban kira ba.

Asabar, da yamma

Ɗakina ya ishe ni. Na fita ba inda na nufa, na bi titin jirgin ƙasa har tsohuwar tasha. Akwai wani tsohon sito a can mai faffaɗan rufin kwano. Na san rufin nan fiye da tafin hannuna, amma daga sama. Yau ne na fara tsayawa a gabansa.

Tauraro ba ya cewa wuri kaza ya tashi. Cewa yake ya tashi in an gwada shi da wuri kaza. Dole ka zaɓi wuri guda ka ce wannan ba ya motsi, daga shi za a auna kowa. Mu a cibiya turke muke ce masa. Rufin siton nan shi ne turkenmu. Farfesa ya zaɓe shi tun kafin in zo ƙasar nan, ba wanda ya sake tambaya.

Ƙofar siton ba ta rufuwa. Ta karkace, an ɗaure ta da waya. Bango ya tsage daga tushe har taga. Matakalar gaba ta rabu da ginin, hannuna ya shige tsakani. A bayan katanga kuwa kamfanin ruwan gora ne, injinan burtsatse na ta gurnani, suna zuƙe ruwan ƙasa.

Na daɗe a tsaye. Wani mai gadi ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau. Rabon da in faɗi haka da gaske na manta.

Lahadi, da safe

Turken nutsewa yake yi. In turke ya nutse, duk abin da aka auna daga shi sai ya zama kamar tashi yake. A hoto ba zai taɓa nunawa ba, tunda mu muka rubuta masa sifili da hannunmu.

Kumburin Farfesa. Lambar yabon Farfesa. Kujerar ɗalibin Farfesa. Kamfanin ruwan gora.

Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabci ya buga bango.

Litinin, bayan azahar

Ban gaya wa kowa a cibiya ba. Sai na sami sabon turke na sake lissafi daga farko. Na zaɓi wani falalen dutse a hayin kogi, tsohon dutse, ba rijiya kusa, ba gini. Kwamfuta za ta kwana biyu tana niƙa tsofaffin hotuna, sannan in jira sabo.

Na haɗu da Farfesa a matakala. Ya dafa kafaɗata.

"Dakta, na san kai mai hankali ne. Ƙarshen wata ba za ka ba ni kunya ba."

Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe, gaskiya za ta fito."

Ya ji daɗi. Ni ma.

Talata, da la'asar

Na koma makarantar, ba wanda ya aike ni. Iya Mai Dankali na zaune a bakin aji tana tsefe wa jikarta kai.

"Mai hoto. Ka zo ka ƙara mana santimita?"

Na tsuguna na gaishe ta. Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan, akwai abin da na gani, wataƙila dankalinta ba zai ruɓe ba. Wataƙila na ce. Na tabbata na ce wataƙila.

Ta saki kan yarinyar, ta kama hannuna da hannu biyu. Tafinta kamar ɓawon itace. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya jiƙan mahaifinka. Uwarka na da rai?"

Na ce tana nan.

"To ta haifi ɗa."

Na dawo da ƙafa, ban hau bas ba. Hanya duk ta yi min kyau.

Laraba, da hantsi

Yaya ta kira. Na bar wayar ta yi ta ruri a kan tebur har ta gaji.

Alhamis, da safe

"Wataƙila" ba ta kwana a makarantar ba. Jami'in agaji da ke kula da su ya kira cibiya yana huci: mutane sun naɗe katifu, sun ce mai hoto ya ce an sallame su. Wasu magidanta sun bi ta bayan shingen 'yan sanda sun hau, sai da aka bi su da mota.

Farfesa ya tara mu ya ce wane ne ya yi magana. Na ce ni ne. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Ya fita.

Mai Kunne ta rufe ƙofa.

"Tsami, me ka taka?"

Na nuna mata hoton ƙofar siton a wayata. Ta kalla, ta zauna a kan tebur, ta ce, "Innalillahi." Can ta ce, "To ka gama lissafin?"

Na ce saura kaɗan.

"Saura kaɗan, ka je ka yi wa tsohuwa albishir? Kai da ko gaisuwa sai ka duba ta sau biyu kafin ka amsa?"

Na mai da wayar aljihu.

"Ba don ita ka yi ba," in ji ta. "Daɗi ne ya yi maka yawa, ka rasa wanda za ka ba."

Na ce ta sauka daga teburina.

Juma'a, bayan azahar

Na ɗauki wayar Yaya, don ta kira sau uku a jere, na tsorata.

"Auta, ashe kana da rai."

Na ce aiki ne, Yaya.

"Aiki. Katangar baya ta faɗi shekaranjiya, ka sani?"

Na ce na ga alama.

"Ka gani! Kana can sama kana leƙenmu kamar shaho, ba ka iya ɗaga waya? Na yi, kawu ya yi, limamin unguwa ya yi, Inna ta ce ba ta fita daga ɗakin da mijinta ya ajiye ta. Ta ce in da haɗari ai ɗanta masanin ƙasa ne, da ya faɗa mata."

Na ce zan kira ta.

"Yaushe?"

Na ce akwai mutane a nan da ransu ke hannuna.

"Allah sarki. Mu kuma a hannun wa muke?"

Ta kashe.

Asabar, da yamma

Kwamfuta na niƙa. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na je bakin titi na dawo. Dutsen shiru.

Lahadi, da hantsi

An yi ruwa. Na tuna dankali. Na tuna katanga. Na ja labule.

Litinin, da safe

Sabon hoto ya sauko. Lissafi ya kammala.

Babban kumburin ya tafi. Filin ƙasa lafiyarsa ƙalau, gari bai taɓa tashi ba, ƙoƙon dutsen ma, bakin da hayaƙi ke fita, da ƙyar ya motsa. Aikin rayuwar Farfesa ya goge daga allo kamar an watsa masa ruwa. Na jingina da kujera na ce alhamdulillahi, kuma ba na jin irin godiyar da ake ba da lada ce.

Sai na rage ma'aunin launi don in ga abin da ya saura.

Akwai zobe. Ƙarami, matsattse, ba a ƙoƙo ba. A kafaɗar dutsen yake, daidai saman ƙauyen. Da can babban launin ƙarya ya haɗiye shi, ba wanda ya gan shi. Na koma hotunan baya ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu da suka wuce babu shi. Yanzu kowane hoto ƙara zobe yake.

Kumburi mai faɗi daga zurfi yake zuwa, yana iya shekaru bai yi komai ba. Ƙarami matsattse kusa yake da fatar ƙasa.

Na sauya turke zuwa wani dutsen, na sake. Yana nan. Na sake da na uku. Yana nan.

Litinin, da la'asar

Na nuna wa Mai Kunne. Ta jawo kujera ta matso da fuskarta kusa da allo.

Na ce to ina girgizar?

Ta ce in dutsen ciki ya yi zafi ya yi laushi, yana iya buɗa hanya ba tare da ya karye ba, kunnenta ba zai ji ba. Yana yiwuwa kuma abin ya tsaya a nan ya huce, kada ya taɓa fitowa.

"Ka ga ta kwaɓe maka," in ji ta. "Mutumin ya yi kuskure, kuma ya yi daidai."

Na ce na lura.

"Da ka bar shi a babban ma'auni, da yanzu kai ne gwarzo."

Na ce wannan ma na lura.

Talata, da hantsi

Na je ofishin Farfesa kafin zama, domin ba na son ya fara ji a gaban mutane. Ko kare ba a yi wa haka, shi kuwa ya tsaya min a layi.

Na ajiye masa hotuna biyu, da na ƙofar siton. Ya duba. Wuyansa ya yi ja. Ya matso da hotunan kusa da idonsa. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba.

"Tun yaushe kamfanin ke wurin?"

Na faɗa masa.

"Kafin nan fa?"

Na ce kafin nan turken lafiya yake. Zaɓi ne mai kyau a lokacinsa. Wannan gaskiya ce, na kuma ji zafin faɗinta.

Ya tashi ya tsaya a taga, ya ba ni baya.

"Dakta, ni da kai matsayinmu ɗaya. Ba za su koma ba. Ka sa hannu, a wuce wurin. Maganar turke mu gyara ta a cikin gida, a hankali, bayan ƙura ta lafa. In jarida ta ji cibiya ta yi shekaru tana auna kamfanin ruwa, wa zai sake jin gargaɗinmu? Mutanen nan ma ba za su zauna ba."

Ba shirme ya faɗa ba. Shi ne abin haushin.

Ya ƙara da cewa akwai kujera da za ta buɗu baɗi, ya daɗe yana tunanina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk na'urorinmu a ƙoƙo suke, saboda can muka ce abin yake. Hanyar da aka tsara wa motocin ceto ta ƙarƙashin kafaɗar nan ta bi. In ban faɗi dalili ba, wa zai matsar da su?"

"Za a samu hanya."

Na ce ni ban iya samo ta ba.

Ya juyo. "Ka daɗe kana jiran ranar nan, ko?"

Na ce, "Na daɗe. Amma ba haka na so ta zo ba."

Laraba, da yamma

Na rubuta bayanin gobe sau uku. Na farko yanka ne. Na biyu ma yanka ne, an dai wanke wuƙar. Na uku na bari.

Ban kira Inna ba. Me zan ce mata? Santimita?

Alhamis, bayan azahar

An zauna. Na faɗi komai: turken, kamfanin, ƙaramin zoben. Na ce turken daidai yake ranar da aka zaɓe shi, kuma dukanmu muka yi shekaru muna amfani da shi ba wanda ya je ya duba, har da ni. Na ce shawarar kwashe mutane daidai ce, ko da dalilin ba daidai ba ne. Ɗalibin Farfesa bai ɗago kai daga takardarsa ba.

Na sa hannu: ba za su koma ba. Farfesa ya sa. Mai Kunne ta karɓi biron ta ce, "Ba a bukatar nawa, amma kada a ce Tsami ya fi ni kunya." Ta sa.

Za a kai na'urori kafaɗar dutsen gobe. Za a sauya hanyar motoci.

A matakala ba wanda ya gaishe ni. Har na ji kamar na dawo gida.

Juma'a, da la'asar

Na ce wa jami'in agaji ni zan faɗa musu. Ya ce da ma ba shi da niyyar raka ni.

Katifun na naɗe a jikin bango, an ɗaure da igiya. Na tsaya gaban allo na faɗa. Wani ya ce, "Jiya fari, yau baƙi, gobe kuma me?" Wani ya ce nawa aka ba ni. Wata mata ta fara kwance igiyar katifarta, wannan ya fi min ciwo.

Iya Mai Dankali ta bari sai da aka yi shiru.

"Ni ka tsuguna a gabana."

Na ce ni ne, Iya. Na yi gaggawar magana, ban gama aiki ba na buɗe baki. Ki yafe ni.

"Na sa maka albarka."

Na ce na sani.

"To ba na karɓe ta, don ba a karɓewa. Amma kada ka ƙara ce min Iya."

Asabar, da safe

Dutsen shiru. An yi ruwa kuma.

Litinin, da hantsi

Sakatariya ta ce ba za a sabunta kwantiragina ba, "saboda ƙarancin kuɗi". Ta faɗa tana kallon kwamfuta. Jarida ta samu labarin turken, ba daga bakina ba. Farfesa ya ɗauki hutun rashin lafiya. Na yi zaton zan ji wani abu. Na laluba ko'ina, ban samu ba.

Mai Kunne ta kawo min lemo guda, ba ɓawo ba. Ta ce in koya mata duba zoben kafin in tafi, kuma ta yi rantsuwa duk wata za ta je hayin kogi ta ga sabon turken da idonta, ko da za ta shure shi ta ji ko yana motsi.

Talata, bayan azahar

Yau na kama kaina a taga ina cewa a zuci: to ka fashe mana. Ka fashe su gani.

Ƙauyen mutane. Gidajensu. Don a ce mai hoto ya yi gaskiya.

Na yi istigfari. Na koma kujera. Can na sake samun kaina a tagar.

Laraba, da la'asar

Jikar tsohuwar ta zo har ƙofar cibiya da jami'in agaji, wai kakarta na kira na, in zo da "abin hoton".

Na same ta a bakin aji. Ban ce Iya ba, na ce sannu da hutawa.

"Wane hutu? An ce kana ganin ko'ina. Nuna min gidana."

Na buɗe kwamfutar a kan benci, na jawo ƙauyen kusa. Ta kasa gane komai, ta ce wannan ai tabarma ce. Na nuna mata hanya, da rijiya, da makarantar yara. Sai ta ɗora yatsa a kan allo da kanta.

"Ga shi nan. Ga rufina. Ga gonar."

Gonar ta yi baƙi-baƙi. Ba ta tambaye ni ma'anarsa ba, ta fi ni sani.

"Ina abin naka?"

Na ɗora mata zoben. Yatsa biyu ne tsakaninsa da rufinta. Ta daɗe tana kallo.

"Zai fito?"

Na ce ban sani ba. Yana iya fitowa, yana iya hucewa. In ya huce, kin yi asarar dankali a banza, ki zage ni har ƙarshen rayuwarki. In kin koma ya fito, ba wanda zai rage ya zage ni.

"Yau ka yi magana kamar mutum," in ji ta. "Ran nan da santimita ka zo min."

Ta ce in bar hoton a buɗe tukuna. Na bari. Mata suka taru, kowa na neman rufinta. Ta dube ni ta gefen ido.

"Kai naka gidan, haka kake kallonsa?"

Na ce kullum da safe.

"Uwar taka na ciki?"

Na ce tana ciki.

"Tir," in ji ta, ta mai da ido kan allo.

Alhamis, da safe

Ban buɗe hoton garinmu ba. Na kira.

Yaya ta kai wa Inna wayar. Muryarta ta ƙanƙance. Ta tambayi ko ina cin abinci, ko akwai sanyi. Na ce Inna, ki fita daga ɗakin nan yau, ki koma wurin Yaya. Ta ce zai faɗi ne? Na ce ban sani ba, yana iya kai baɗi, yana iya tafiya da ruwan gobe, ni dai ba na iya aiki, ba na iya barci.

Ina jin kaji a bayanta.

"Da ka faɗa tun tuni ai," in ji ta. "Sai an kwashe min gadon, ba na barin shi."

Na ce a kwashe. Na ce ina tafe ƙarshen wata, kuma wannan karon ba da jaka ɗaya ba.

"An kore ka ne?"

Na ce eh.

"To Allah ya sa haka ya fi alheri. Ga Yayarka."

Alhamis, da yamma

Sabon hoto ya sauko. Zoben ya ƙaru da ɗaya. Ba kowa a ƙarƙashinsa.

Dutsen shiru. Allah ya sa ya ci gaba da ƙaryata ni.